A Kai Yara Birni Su Ga Dangi Tun Ana Lafiya

Da zarar watan Disamba ya raba, makarantun boko suka sallami ɗalibai bayan jarrabawar zangon farko, sai tashoshin motar Kano su canza kama. A Unguwa Uku da Ƙofar Ruwa da 'Yankaba za ka tarar da motoci suna sauke mata da yara, kowa ya sha rigar sanyi, fuskoki sun yi furu-furu da ƙurar hanya, yaron mota yana kwance igiyar da aka ɗaure buhuna da ita. Wasu daga Gumel suke, wasu daga Malumfashi ko Azare ko Daura, wasu ma daga Maraɗi da Damagaram. Hutu suka zo gidan yaya ko gwaggo ko kawu, su yi 'yan kwanaki su koma kafin a buɗe makaranta a watan Janairu.

Wannan al'ada tana ja da baya a 'yan shekarun nan. Ka tambayi magidanci a birni, zai ce maka abincin gidansa da ƙyar yake ganin ƙarshen wata. Ka tambayi na ƙauye, zai lissafa maka kuɗin motar mutum huɗu ko biyar, zuwa da komawa. Dukansu suna da gaskiya, kuma dukansu sukan rufe zancen da cewa ai ana gaisawa ta waya. Ni dai a ganina wannan ziyara tana cikin abubuwan da bai kamata mu bari tsadar rayuwa ta ƙwace mana ba. A rage mata nauyi, a gyara mata tsari, amma kada a bari ta mutu, domin abin da take riƙe da shi ya fi ƙarfin kuɗin mota nesa ba kusa ba.

Mu fara da abin da kowa ya sani. Mutumin da ke zaune a Rano ko Kazaure ko Ringim, komai daren daɗewa sai Kano ta kira shi. Ko dai a turo mahaifiyarsa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko ɗansa ya karye a kawo shi Asibitin Ƙashi na Dala, ko matarsa ta kwanta a Asibitin Murtala. In ba ciwo ba, to 'yarsa ta samu gurbi a Jami'ar Bayero ba ta samu ɗakin kwana ba, ko an zo haɗa kayan aure a Kantin Kwari da Ƙofar Wambai, ko ana jiran jirgin alhazai. A duk waɗannan lokuta talaka ba ya sauka a otal. Gidan ɗan'uwa yake nufa. A gidan ake dafa abincin da za a zuba a kula a kai asibiti safe da yamma, daga gidan ake samun saurayin da zai ba da jini, kuma maigidan ne ya san wace ƙofa ake bi, wane layi ake shiga.

To, akwai bambanci babba tsakanin buɗe ƙofa ga mutumin da 'ya'yansa suka kwana ɗaki ɗaya da naka a hutun bara, da buɗe ta ga muryar da ta yi shekaru ba a ji ta ba, ta kira da tsakar dare tana cewa, "Yaya, ka gane mai magana kuwa?" Dukansu za a karɓe su, domin ba a korar ɗan'uwa. Amma na farko a gida yake sauka, na biyu kuwa shi kansa yana jin nauyin zuwansa, yana ta ba da haƙuri kafin ya ajiye jaka. Zuwan da aka yi ana lafiya shi ne yake sauƙaƙa zuwan da lalura ta tilasta. Wanda ba ya zuwa sai da matsala, sannu a hankali ganin lambarsa a waya kan zama abin faɗuwar gaba, ba don an ƙi shi ba, sai don an saba ba a jin sa sai da labari mai nauyi.

Kada kuma mutumin birni ya ɗauka shi kaɗai ne mai yin alfarma. Gonar gadonsa tana can, wani ne yake tsare masa iyakarta. Ranar da gobara ta cinye shago, ko aka sallame shi daga aiki, ko kuɗin haya ya gagara, can zai mayar da iyali su huta kafin ya farfaɗo. In ya yi ritaya, sau da yawa can zai koma ya ƙarasa kwanakinsa. Hannu biyu ne suke wanke juna, kuma ziyarar hutu ita ce lokacin da ake sabunta wannan alkawari ba tare da kowa ya furta shi ba.

Manya ma da sauƙi, domin sun riga sun san juna, sun yi kiwo tare, sun ci tuwo a kwano ɗaya. Yaran ne abin ji. Yaron da aka haifa a Ɗorayi ko Sheka, me ya haɗa shi da ɗan baffansa da ke Gwarzo in ban da sunan kaka? Muddin tsofaffin gida suna raye, akwai abin da ke tara mutane, ko suna ko biki ko gaisuwar Sallah. Ranar da ƙasa ta rufe idonsu, sai a wayi gari jikoki sun zama baƙin juna. Da yawa daga shari'o'in gado da ke ɗaukar shekaru a kotuna suna tsakanin mutanen da jininsu ɗaya ne, amma ba su taɓa yin wasan taubasai ba, ba su taɓa raba rake ɗaya ba, don haka babu kunyar ido a tsakaninsu. Dandalin iyali na WhatsApp yana da amfaninsa, yana isar da sanarwar haihuwa da rasuwa cikin minti ɗaya. Amma bai taɓa sa yara biyu sun shaƙu ba. Zumunci tamkar hanyar gona yake, in aka daina takawa ciyawa ce ke rufe ta, shi ya sa Bahaushe ya ce a ƙafa yake.

Wani zai ce me ya sa sai wannan hutu? Ai akwai Sallah, akwai dogon hutu. Amsar tana cikin yadda shekararmu take tafiya. Dogon hutun Agusta yana faɗowa a tsakiyar damina, lokacin da gona ke buƙatar kowane hannu, hanyoyin ƙauye sun lalace, rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada. Hutun Sallah gajere ne, kowa kuma yana son ya yi shi a gidansa. Hutun zango na biyu yakan zo da zafin bazara, kuma duk wanda ya taɓa kwana a Kano a watan Afrilu ba wutar lantarki ya san cewa tara yara takwas a ɗaki ɗaya a lokacin azaba ce, ga kuma fargabar sanƙarau da ke son cunkoso da zafi. Hunturu kuwa ya zo bayan kaka. An yi girbi, an kai amfani gida, manomi ya samu sararin kansa da 'yan kuɗi a aljihu. Hanya ta bushe. Sauro ya ragu. Sanyin dare yana sa ɗaki ɗaya ya ɗauki yara da yawa, kowa ya ja bargo. Kayan lambu na noman rani daga Kura da Kadawa sun fara shigowa 'Yankaba, ga karas, ga latas, ga kabeji, ga rake a kowace kwana. Bukukuwan aure ma a wannan lokaci suka fi yawa, sai a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Babu wani lokaci a shekara da ya haɗa waɗannan sauƙaƙa gaba ɗaya.

Wanda ya taɓa zama a tsakar gida ranar da baƙi suka sauka ya san daɗin abin. An shimfiɗa tabarma, an kawo ruwa, an gaisa an sake gaisawa, an tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har da maƙwabta. Sai baƙuwa ta jawo buhu ta fara kwancewa. Ga gero, ga wake, ga gyaɗa ɓararriya, ga ƙullin kuka da busasshiyar kuɓewa, ga daddawa mai ƙamshi a cikin leda biyu, ga man shanu a tsohuwar kwalba, ga ƙwan zabi an jera a cikin dusa don kada su fashe. Matar gida tana cewa, "Haba Yaya, duk wannan wahala haka? Ai zuwanku ma ya isa." Ita kuwa tana cewa, "Ba yawa, na yara ne." Yaran gida sun kewaye, ana raba musu goruba da magarya, baƙin yara suna maƙale da zanen uwarsu suna kallon kowa. Kafin magariba za ka ji ihunsu a ƙofar gida, ba ka iya bambance ɗan gida da baƙo.

Ban ce babu wahala ba, kuma duk wanda ya raina kukan magidanta bai yi adalci ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuɗin mota ya bi ta, abinci ya bi kuɗin mota. A ƙarshen shekarar 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta wuce kashi 34 cikin 100. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, kuma mafi yawan mutanen birni ba ma'aikatan albashi ba ne, sai sun fita suke samu. A unguwanni da yawa na Kano ruwa saye ake yi a wurin masu kura, jarka-jarka, don haka ƙarin mutum biyar a gida yana nufin ƙarin kuɗin ruwan wanka da wanki da girki kullum, ga gawayi ko gas na ɗumama shi saboda sanyi. Hanyoyi da dama a Zamfara da Katsina da Kaduna sun zama abin tsoro. 'Yan'uwanmu na Nijar kuwa sun ga yadda rufe iyaka daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024 ya raba uwa da 'ya tsakanin Maraɗi da Kano, tafiyar da ba ta wuce ta yini ɗaya ba.

Gidajen ma sun canza. Tsohon gidan Bahaushe an gina shi da baƙo a rai: ga zaure, ga soron ciki, ga tsakar gida mai faɗi, ga ɗakin tsohuwa da ke haɗiye jikoki komai yawansu. Kano kanta da saukar baƙi ta girma. Fagge zangon ayari ce tun asali, kuma unguwanni irin su Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Agadasawa da Ayagi da Dandalin Turawa suna shaida mutanen da suka zo daga nesa aka ba su masauki har suka zama 'yan gari. Fatake kan sauka a gidan mai masauki, ya ba su ɗaki, ya adana musu kaya, ya nemo musu mai saye. Yau kuwa ma'aikaci yana haya a ciki da falo, ko ɗaki biyu da banɗaki ɗaya a bayan gari, babu zaure, babu tsakar gida. Zuciyarsa tana son baƙi, ginin ne bai yi musu tanadi ba.

Duk da haka, in muka duba da kyau, wani kaso mai yawa na nauyin nan mu muka ɗora wa kanmu. Yaushe aka fara cewa sai an yanka kaji kullum, an sayo lemon kwalba katan-katan, an ɗinka wa kowane baƙon yaro sabbin kaya, an kai su babban kantin zamani an cika musu leda, sannan an biya musu kuɗin motar komawa? Iyayenmu ba haka suka karɓi baƙi ba. Abin da gida ke ci shi baƙo ke ci, in an samu hali a yi ɗan dabge ranar farko, shi ke nan. Tsoron kada a koma ƙauye a ce gidan wane babu komai shi ne yake sa magidanci ya ci bashi, ko kuma ya ƙi gayyata gaba ɗaya, ya fake da cewa bana ba ma nan. An bar asalin abu saboda an kasa ɗaukar kwalliyarsa. Alhali kuwa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma yaro ba ya tuna irin shinkafar da ya ci a gidan gwaggonsa, yana tuna yadda aka karɓe shi ne.

Saboda haka gyara ya kamata ya fara daga mai zuwa. Zamanin da mutum zai faɗo gida da yara shida ba sanarwa ya wuce, tun da waya tana hannun kowa. A kira tun da wuri, a faɗi mutum nawa ne, a faɗi kwana nawa za a yi, a kuma bar wa mai gida ƙofar da zai iya cewa a ɗaga zuwa wani mako ba tare da an yi fushi ba. A zo da tsarabar abinci gwargwadon hali, domin abin da yake da araha a ƙauye bayan kaka shi ne ake aunawa da tsada a birni, kuma rabin buhun gero ko masara yana iya ɗauke wa gida nauyin baƙuncin gaba ɗaya. A zo da kuɗin komawa a ƙulle, kada ranar tafiya ta zama ranar zullumin mai gida. Addininmu ma ya yi wa abin iyaka: haƙƙin baƙo kwana uku ne, abin da ya ƙaru a kai sadaka ce, kuma an hana baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa. Hutun yara yakan wuce kwana uku, to daga nan sai su tashi daga matsayin baƙi su koma 'yan gida, su ɗauki tsintsiya, su wanke kwanonsu, su ci abin da aka dafa.

Akwai kuma mutum ɗaya da ba a cika tunawa da ita ba in ana wannan zance, alhali a wuyanta komai yake sauka, wato matar gida. Maigida zai ce wa ƙanwarsa a waya, "Ku taho kawai, ai gidanku ne," ya samu ladan baki, gari na wayewa ya tafi kasuwa ko ofis sai dare. Ita ce za ta tashi tun kafin kiran assalatu cikin sanyin da ke ratsa ƙashi ta hura wuta, ta ɗora ruwan wankan yara, ta dama kunu, ta aika a sayo ƙosai, ta bi kowane yaro da man kaɗanya ko basilin don kada kaushi da faso su kama shi, ta raba faɗa, ta shanya katifar wanda ya yi fitsarin kwance ba tare da ta kunyata shi ba. Duk magidancin da zai gayyaci baƙi, ya fara shawara da ita, ya ƙara kuɗin cefane ba sai ta tambaya ba, ya kuma tuna cewa danginta ma suna da haƙƙin wannan gida kamar nasa. Gidaje da yawa da aka ce matar ba ta son mutane, in ka bincika za ka tarar an bar ta ita kaɗai ne da aikin mutum uku da cefanen mutum biyu.

Mai masauki shi ma akwai amana a kansa. Yarinyar da ta zo hutu ba 'yar aiki ba ce. Ba daidai ba ne 'ya'yan gida suna gaban talabijin ita tana bakin murhu, ko a ɗora mata farantin talla a garin da ba ta san lungunansa ba. Mafi muni shi ne abin da kan faru in hutu ya ƙare, a ce, "A bar mana ita ta ɗan taya Hajiya aiki," daga nan karatunta ya tsaya, 'ya'yan gida suna tafiya makaranta tana goyon ƙaninsu. Wannan cin amana ne ko da an lulluɓe shi da sunan riƙo. In za a riƙe ta, a sa ta makarantar da 'ya'yan gida suke, in ba hali a mayar da ita ga iyayenta a kan lokaci. Haka kuma a raba wa yara maza da mata wurin kwana komai ƙuncin gida, a sa ido a kan wanda ke shiga da fita, domin yaro baƙo yana jin kunyar kai ƙara.

Hunturu yana da nasa haɗurra da ya kamata a ambata. Iskar da ke kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, takan rufe sararin sama har jirage su kasa sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, kuma hazon da ya hana jirgi sauka yana hana direba ganin gabansa. A yi tafiya da rana, a shiga mota a tasha, kada a damƙa ƙaramin yaro a hannun direba a ce wani zai tare shi. Kada a shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga, domin hayaƙinsa yana kisa cikin barci ba tare da an farga ba. Kada a bar hita a cikin bokiti a manta, domin lokacin gobara ne, komai ya bushe. Yaro mai asma a zo masa da maganinsa. A rubuta lambar wayar mai gida da sunan unguwa a sa wa kowane baƙon yaro a aljihu. Duk waɗannan ba su cin ko sisi.

Sai kuma tambayar da ta fi damuna: in yaran sun zo, me muke nuna musu? A gidaje da yawa hutun yakan ƙare a falo, tsakanin talabijin da wayar hannu, sai rana ɗaya a kai su babban kantin da ke titin Gidan Zoo su ɗauki hoto. Yaro ya yi mako biyu a Kano ya koma bai ga Kano ba. Alhali da kuɗin adaidaita sahu kaɗan za a iya kai su su hau Dutsen Dala, inda tarihin garin ya faro tun zamanin Barbushe, su hango birnin daga sama har Goron Dutse. A kai su Gidan Makama, wanda yanzu gidan adana kayan tarihi ne, su tsallaka su ga ƙofar Gidan Rumfa, fadar da Sarki Muhammadu Rumfa ya gina a mulkinsa na 1463 zuwa 1499, wadda har yau sarakuna ke zaune a cikinta. A ratsa da su lungunan Kasuwar Kurmi su ga dukawa da maƙera da masu sayar da kayan doki. A nuna musu abin da ya rage na ganuwar da aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu, kafin gine-gine su ƙarasa cinye ta. A biya da su Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya fara makarantar boko a Nassarawa a 1909, da Gidan Mambayya a Gwammaja, su ga irin gidan da Malam Aminu Kano ya rayu a ciki har ya rasu a 1983.

A marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, yaro zai tsuguna a bakin rami ya ga marini ya tsoma farin yadi a ruwan baba, ya ɗaga shi yana ɗiga. Yadin yakan fito da launi kore-kore, sai iska ta buge shi ya riƙa juyewa shuɗi a gaban idon mai kallo, a sake tsomawa, a sake ɗagawa, har launin ya kama. Hannuwan mutumin sun rine har gwiwar hannu. Can gefe ana jin ƙarar masu bugu suna dukan yadi a kan gungume har ya ɗauki ƙyalli. Yaron da ya ga wannan da idonsa ba zai sake ɗaukar cewa duk wani abin kirki daga waje ake kawo shi ba. Kuma sau da yawa 'ya'yan mai masaukin ma ranar ce za su fara taka wurin, domin ɗan gari bai cika zuwa ganin garinsa ba sai baƙo ya ja shi.

Kada a tsaya a kan tarihi kaɗai. A ɗauki yarinyar da ke aji uku na ƙaramar sakandare a ƙauye a shiga da ita sabon matsugunin Jami'ar Bayero a kan titin Gwarzo, ta ga 'yan mata irinta da hijabinsu suna fitowa daga ɗakin karatu da littattafai a hannu. A kai yaro mai son gyare-gyare kasuwar waya ta Farm Centre ya ga samari suna buɗe waya suna gyarawa suna cin abinci da sana'ar. Gani ya kori ji. Sannan a ware yini guda na zagayen dangi, gida-gida, a kai su gaban tsofaffi su durƙusa su gaishe su, a ce wannan ɗan wane ne, jikan wance, tsohuwa ta tsokane shi da wasan jika, ta sa masa albarka. Wannan yinin shi ne zuciyar tafiyar, sauran duk ƙari ne.

Na san akwai iyayen da ke tsoron kada birni ya buɗe wa yaro ido ya dawo yana raina ƙauye. Tsoron yana da tushe, amma mu tuna cewa waya ta riga ta kai wa yaron ƙauye birni har ɗakinsa, kuma irin birnin da take nuna masa na motoci da sutura ne zalla. Yaron da ya kwana a gidan kawunsa ya ga ana sayen ruwan wanka, ya ga cunkoson Ƙofar Nassarawa, ya ga kawun yana fita tun duku-duku ba ya dawowa sai bayan isha, ya fi kusa da sanin gaskiyar birni fiye da wanda ya san shi ta hoto. Maganin raini kuma shi ne ramuwa: hutu mai zuwa 'ya'yan birni su je ƙauye, su ga inda geron kununsu yake fitowa, su ga cewa ɗan baffansu da ya rikice a kan titi shi ne gwani a gona da kiwo, su zama su ne masu tambaya.

Ga wanda aljihunsa ya yi rauni, ba dole sai an kwashi gida gaba ɗaya ba. A tura yara biyu bana tare da babba, baɗi a tura wasu biyun. A yi kwana biyar maimakon mako uku. 'Yan'uwa da ke yin adashi don biki da suna su ware wani abu don kuɗin motar yara, wanda Allah ya hore wa a cikin dangi ya ɗauki nauyin 'ya'yan marayu da na marasa ƙarfi, domin su ne aka fi mantawa da su in ana gayyata, kuma su ne za su fi buƙatar dangi gobe. Mu da muka girma mun gaji 'yan'uwan da muka sani ido da ido, muka san halin kowa, muka san gidan da za mu buga in dare ya yi mana. Iyayenmu ne suka biya kuɗin mota suka haɗa mu, a lokacin da su ma ba su da yalwa. 'Ya'yanmu suna da haƙƙin mu bar musu irin wannan gado, kuma ba za su same shi ba sai mun tashi mun kai su.